Wa Ya Kamata Ya Kawo Hujja? Tarihin Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya a Amurka

Duk wanda ya ɗauki kwalbar bitamin ko ta garin ganye da aka haɗa a Amurka ya juya bayanta, sau da yawa zai tarar da wasu 'yan layuka da ƙananan baƙi. Abin da suke cewa shi ne hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ba ta tantance alƙawuran da ke jikin kwalbar ba, kuma ba a yi abin da ke ciki don warkar da wata cuta ko kare mutum daga gare ta ba. A gaban kwalbar kuwa an rangaɗa da manyan baƙi cewa tana ƙarfafa garkuwar jiki, ko tana taimakon zuciya, ko tana gyara gaɓoɓi. Gaba da baya suna ƙaryata juna, kuma dukansu doka ce ta yarje musu. An yi dokar a 1994, kuma a ganina kuskure ce babba, domin ta sauke nauyin kawo hujja daga kan mai sayarwa ta aza wa hukuma da mai saye. Abin takaicin shi ne Amurka ta riga ta koyi wannan darasi tun kafin nan, kuma da rayukan mutanenta ta biya kuɗin karatun.

A ƙarshen ƙarni na 19 ƙasar cike take da masu tallar magani, wasu a jarida, wasu a keken doki gari-gari. Kowa na iya ɗura abin da ya ga dama a kwalba, ya laƙaba masa suna, ya ce yana maganin tari da sanyin ƙashi da rashin haihuwa. Ruwan ganyen Lydia Pinkham, wanda aka fara sayarwa a 1875 don lalurorin mata, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa barasa ce. Wani ruwan mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup, da ake ɗura wa jarirai masu haƙora, mofin ne a cikinsa. Yaro yakan yi shiru, wani kuma ba ya sake farkawa. A 1905 ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya tona asirin wannan kasuwa a mujallar Collier's, a daidai lokacin da Harvey Wiley, babban masanin sinadarai na ma'aikatar gona, ya shekara da shekaru yana matsa wa majalisa lamba. Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu kan dokar abinci da magunguna a 1906. Sai dai abin da ta nema kaɗan ne: in akwai barasa ko mofin ko hodar iblis a cikin kwalba, a rubuta. Ba ta ce a gwada komai kafin a sayar ba. A 1911 ma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ba ta hana mutum yin ƙarya a kan abin da maganinsa ke warkarwa ba, muddin bai yi ƙarya a kan abin da ya zuba a ciki ba.

Sai da aka yi gawarwaki sannan aka gyara. A 1937 kamfanin Massengill na jihar Tennessee ya narkar da maganin sulfanilamide cikin wani ruwa mai zaƙi da ake kira diethylene glycol, ya ƙara masa ɗanɗanon 'ya'yan itace, ya aika kasuwa ba tare da gwaji ko a kan dabba ba. Ruwan guba ne mai lalata ƙoda, kuma ya kashe sama da mutum 100, da yawansu yara. (Wannan gubar dai ita ce ta kashe yara aƙalla 84 a Najeriya a 2008 da 2009 ta cikin maganin haƙoran My Pikin.) Shekara na zagayowa majalisa ta yi dokar 1938, wadda ta ce sabon magani ba zai shiga kasuwa ba sai mai shi ya nuna ba ya cutarwa. A 1962, bayan ƙwayar thalidomide ta sa an haifi dubban jarirai da nakasassun hannuwa da ƙafafu a Turai da wasu ƙasashe, kuma Amurka ta tsira da yawanta ne kawai saboda wata ma'aikaciyar FDA, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu, sai aka ƙara sharaɗi na biyu: a nuna maganin yana aikin da aka ce yana yi. Daga nan ƙa'ida ta zauna daram. Wanda zai karɓi kuɗin mutane da sunan lafiya, shi ne zai kawo hujja, kuma kafin ya fara ciniki.

A gefen wannan tarihi akwai wani da ke tafiya, mai daɗin ji, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. A tsibirin Jaba na Indonesiya ta yau, cikin shekarun 1890, likitan Holan Christiaan Eijkman ya lura kajin da ake ba farar shinkafa da aka surfe tas suna kamuwa da shanyewar ƙafafu irin ta cutar beriberi, in kuma aka ba su wadda ba a cire wa dusa ba sai su miƙe. A 1912 Casimir Funk ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan bitamin. A jihohin kudancin ƙasar Amurka cutar pellagra, mai kawo saɓar fata da gudawa da taɓin hankali, ta yi ta kashe talakawan da abincinsu bai wuce masara ba, har Joseph Goldberger ya nuna tun daga 1914 cewa ba ɗaukarta ake yi ba, rashin wani abu ne a cikin cimarsu; a 1937 aka gano abin shi ne niacin. A 1924 aka fara sayar da gishiri mai aidin a jihar Michigan, inda maƙoƙo ya yi katutu, kuma cikin 'yan shekaru cutar ta ja baya ƙwarai. Mutanen da suka ga haka da idonsu ba su yi laifi ba da suka ɗauki bitamin abin al'ajabi. Ɗan ƙanƙanin abu, mai araha, yana tayar da wanda aka fitar da rai da shi.

Amma duk waɗannan nasarori a kan masu rashi aka same su. Kuskuren da ya biyo baya shi ne tsammanin cewa abin da ya warkar da mai rashi zai ƙara wa ƙosasshe lafiya, kuma in kaɗan ya yi amfani to mai yawa ya fi. Kasuwa ce ta fi kowa buƙatar wannan tsammani, domin masu beriberi ba su da yawa a Amurka, masu fargabar cewa jikinsu ya gaza wani abu kuwa ba su ƙirguwa. Bayan an iya haɗa bitamin C a ɗakin gwaji a 1933, ƙwayoyin suka yi arha, a 1940 kuma One A Day ta fito da kiran a sha ɗaya kullum. Wanda ya ba wannan tunani rigar ilimi shi ne Linus Pauling, mai lambar Nobel har biyu, wanda ya wallafa littafi a 1970 yana cewa bitamin C mai yawa na hana mura, daga baya ya ce yana taimakon masu ciwon daji. Pauling babban masanin sinadarai ne, ba mai musun haka, amma a nan bai yi daidai ba. Gwaji biyu da asibitin Mayo ya buga a 1979 da 1985 ba su ga amfaninsa ga masu ciwon daji ba, kuma da aka tattara gwaje-gwajen mura daga baya an ga ba ya hana yawancin mutane kamuwa, sai dai ya ɗan rage kwanakin ciwon. Duk da haka, da FDA ta nemi a 1973 ta riƙa ɗaukar ƙwayoyin da ƙarfinsu ya wuce kima a matsayin magani, wasiƙun ƙorafi suka yi wa majalisa ruwa, a 1976 kuma Sanata William Proxmire ya jagoranci gyaran doka da ya hana hukumar ƙayyade ƙarfin bitamin don kawai ta ga ya yi yawa.

An gwada tunanin “mai yawa ya fi” da gaske, da mutane dubbai, kuma sakamakon ya girgiza su kansu masu binciken. Sun riga sun lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, suka zaci sinadarin beta-carotene, wanda ke ba karas launinsa, shi ne sirrin. A Finland aka raba maza masu shan taba sama da 29,000, wasu aka ba su ƙwayar, wasu aka ba su ta bogi. Da aka buga sakamako a 1994, masu shan beta-carotene sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwajin a Amurka mai mutum sama da 18,000, masu shan taba da waɗanda suka yi aiki da asbestos, an dakatar da shi a farkon 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, don ƙarin ya kai kashi 28. A 2011 gwajin SELECT, mai maza sama da 35,000, ya nuna bitamin E ya ƙara haɗarin sankarar furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17. Ba wanda ya yi algus a waɗannan ƙwayoyi. Tsarkakakku ne, abin da aka rubuta shi ke ciki. Cin karas daban, haɗiyar sinadarin da ke cikinsa ninki-ba-ninki kullum na tsawon shekaru daban, kuma ba don an yi gwaji ba da ba wanda zai taɓa ganewa, domin mai shan tabar da ya kamu da sankara taba zai zarga.

Dokar 1994 ta zo ne bayan wata annoba, kuma wannan ne abin da ya fi ɗaure kai a duk labarin. A 1989 likitoci a jihar New Mexico suka fara ganin mutane da matsanancin ciwon tsoka da hauhawar wani nau'in farin jini. Aka bi sawu aka gano ƙwayar L-tryptophan ce, wadda ake sha don barci, kuma gurɓataccen kayan daga kamfanin Showa Denko na Japan ya fito. An ƙirga sama da mutum 1,500 da suka kamu, aƙalla 37 suka mutu. A 1938 da 1962 irin wannan masifa ce ta sa aka ƙara ɗaure magani. A wannan karon da FDA ta yunƙura, masu sana'ar suka riga ta zuwa wurin jama'a. Shagunan kayan lafiya suka lulluɓe kantocinsu da baƙin ƙyalle don nuna abin da wai za a hana mutane saye, aka yi tallar talabijin inda jami'ai ɗauke da bindigogi suka fasa gidan ɗan fim Mel Gibson don yana riƙe da kwalbar bitamin C. Ba wanda ya taɓa kawo shawarar kama mai shan bitamin C, amma tsoron ya yi aikinsa. Sanata Orrin Hatch na Utah, jihar da ke cike da kamfanonin wannan sana'a, da Sanata Tom Harkin na Iowa suka ɗauki ƙudurin, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a watan Oktoba na 1994. Dokar ta sa bitamin da ganyayyaki da makamantansu a ɓangaren abinci. Ba a neman izini kafin a sayar. Abin da ke kasuwa kafin tsakiyar wannan Oktoban an bar shi yadda yake, sabon sinadari kuma sanarwa kawai za a ba hukuma kwana 75 kafin fito da shi. In abu ya yi illa, hukuma ce za ta tabbatar. A lokacin kayan da ke kasuwa kusan 4,000 ne. A 2019 shugaban FDA ya ce sun haura 50,000, wataƙila har 80,000.

Ba a daɗe ba aka ga abin da wannan juyi ke nufi. Ganyen ephedra, wanda likitocin gargajiya na Sin suka daɗe suna ba masu asma da mura na ɗan lokaci, sai aka mai da shi ƙwayar rage ƙiba da ƙarin kuzari, ana haɗa shi da sinadarin kafeyin, ana sha wata da watanni. Yana tayar da hawan jini, yana sa zuciya gudu. Rahotannin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fara taruwa, a 1997 FDA ta nemi ƙayyade yawan da za a sha, aka ce hujjarta ba ta isa ba, ta janye. Hujjar kuwa tana ina? Wani ɓangare nata yana cikin akwatunan kamfanin Metabolife, wanda daga baya aka gano ya karɓi koke-koke sama da 13,000 daga masu saye, kuma doka ba ta tilasta masa miƙa su ba. Wani bincike na 2003 ya gano ephedra bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin ganyayyaki ba, amma shi ke da kashi 64 na illolin da aka kai wa cibiyoyin kula da guba. A watan Fabrairun wannan shekarar Steve Bechler, ɗan wasan bezbol mai shekara 23, ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye ya rasu, aka samu ephedra a jikinsa. Sai a 2004 aka haramta shi, bayan an danganta shi da mutuwar mutum 155, kuma ko a nan wata kotu a Utah ta soke haramcin a 2005, sai kotun ɗaukaka ƙara ta maido shi a 2006. Da tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, in ji Bahaushe, amma tsalle dubu ba ya fitar da mutum: shiga kasuwa bai ci wa ephedra ko takarda ɗaya ba, fitar da shi ya ci kusan shekara goma.

Masu cewa ganye ba ya cutarwa tun da daga ƙasa ya fito, sai su dubi abin da ya faru a Brussels. A farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin ganyen Sin, aka yi kuskure wajen kawo kaya, aka sa aristolochia a madadin wani ganye mai suna kusan iri ɗaya. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma sankarar hanyar fitsari ta biyo baya. Akwai kuma algus na ganganci. Tsakanin 2007 da 2016 FDA ta gano kaya 776 da aka ce na ganye ne alhali an ɓoye maganin asibiti a ciki, mafi yawansu na ƙarfin maza da rage ƙiba da gina tsoka. A na maza, sildenafil ake zubawa, sinadarin da ke cikin Viagra, wanda kan iya rushe hawan jinin mai shan wasu magungunan zuciya har ya halaka. A na ƙiba kuma sibutramine, wanda aka janye daga kasuwa a 2010 saboda illarsa ga zuciya. Mutumin da likita ya hana shi Viagra, ya koma ga ganye don ya tsira, shi ne wanda wannan ha'inci ya fi kamawa.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka hujjojinsu ne na banza ba. Na farko za su ce bitamin na ceton rai har gobe, kuma haka ne. Binciken Alfred Sommer a Aceh ta Indonesiya, da aka buga a 1986, ya nuna bitamin A ya rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gwajin Birtaniya na 1991 ya nuna folic acid ya rage maimaituwar nakasar ƙashin baya ga jarirai da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ɗigon bitamin A da ake ba yara a makon lafiya, da maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki wurin awo, daga irin wannan bincike suka samo asali, kuma mai ciki da ta ƙi shan nata don ta ji labarin ephedra ta cuci kanta. Amma a lura, waɗannan duka gwaji ne ya tabbatar da su, ya faɗi wa za a ba, nawa, kuma yaushe. Su shaida ne a kan amfanin neman hujja. Na biyu za su ce baligi yana da 'yancin haɗiyar abin da ya so. Na yarda da 'yancin, amma zaɓi ba ya zama zaɓi sai mutum ya san abin da ke gabansa, kuma matar Brussels ba ta zaɓi aristolochia ba. Na uku, wanda ya fi ƙarfi, shi ne gwajin magani yana cin maƙudan kuɗi, ba kamfanin da zai kashe su a kan ganyen da ba zai iya mallaka shi kaɗai ba, kuma magungunan da aka gwada ma suna kisa, har fiye da ƙwayoyin ƙari. Gaskiya ne. Sai dai maganin asibiti ana ɗaukar kasadarsa ne don amfanin da aka auna, ga mai ciwon da aka sani. Kasadar da lafiyayye ya ɗauka a kan abin da ba a nuna yana da amfani ba, ko ƙanƙanuwa ce, asara ce zalla. Kuma ba ƙanƙanuwar ba ce: wani bincike na 2015 ya kiyasta cewa waɗannan kaya na kai kusan mutum 23,000 sashen gaggawa kowace shekara a Amurka. Batun tsada kuma, tsakanin gwajin biliyoyi da rashin komai akwai fili mai faɗi. Kanada tun 2004 take neman lasisi ga kowane irin wannan kaya kafin ya shiga kanti, gwargwadon haɗarinsa, Tarayyar Turai kuma tun 2002 ta fitar da jerin bitamin da ma'adinan da aka yarda a zuba. Kasuwar ba ta mutu a ko ɗaya ba.

Abin ya shafe mu ne ta hanya biyu. Ta farko, kwalaben suna zuwa kemis-kemis da manyan kantunan Kano da Abuja, ana tallarsu a Facebook da WhatsApp, kuma jin cewa kaya daga Amurka ya fito yakan sa mai saye ya saki jiki, yana zaton hukumar da ta hana thalidomide shiga ita ce ta duba wannan ma. Ba ta duba ba. Ta biyu, NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya da aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya lamba mai harafin L a ƙarshe bayan ta duba ba su da guba, tare da sharaɗin a rubuta cewa ba ta tantance da'awar warkarwa ba. Wannan ya fi tsarin Amurka ta fuska ɗaya, don ana duba kayan kafin su fito. Amma mai talla da lasifika a bakin tasha lambar yake ɗagawa sama, ya ce gwamnati ta amince, kuma mai ciwon suga ko hawan jini da ya ajiye maganin asibiti don wannan magana ba shi da hanyar sanin iyakar abin da aka amince da shi.

Amurka ta yi 'yan gyare-gyare bayan ephedra. Dokar 2006 ta tilasta wa kamfanoni kai rahoton mummunar illa, a 2007 aka fitar da ƙa'idojin tsabtar haɗawa. Ginshiƙin 1994 kuwa ba a taɓa shi ba. Daga cikin kaya 776 ɗin nan masu ɓoyayyen magani, waɗanda aka janye daga kasuwa ba su kai rabi ba. A 2022 Sanata Dick Durbin da Sanata Mike Braun suka kawo ƙudurin da bai nemi gwaji ko lasisi ba, abin da ya nema kawai kowane kamfani ya ba FDA sunan kayansa da abin da ke ciki, don hukumar ta san me ake sayarwa a ƙasar. Majalisa ta tashi a ƙarshen shekarar ba ta zartar da shi ba.